Jinyar Iya a Hannun 'Yar Fari

Likoro, 6 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Firdausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti, ya Legas da hayaniyarta? Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka, masara har ta leƙo. Kowa lafiya, sai dai jikin Iya.

Kin ji a waya cewa ta faɗi, amma ko rabin zancen ba a gaya miki ba. Ni ma ba zan faɗa a waya ba. A gidan nan mai amsa kira sai ya tsaya jikin rumbu inda ake samun sabis, rumbun kuwa yana daf da tagar ɗakinta, ita kuma ƙafa ce ta mutu mata, ba kunne ba. Shi ya sa na koma wa alƙalami, dama shi na ci abinci da shi har na yi ritaya. Inuwa direban da ke kai kayan gwari Legas zai miƙa miki wannan, da ƙullin kuka da daddawa.

Iya Halima mahaifiyata ce, amma ke ma taki ce, tunda yayar kakanki ce, kuma duk dangin nan ke kaɗai kika karanci jinyar tsofaffi. To ki saurara. Tana tsince wake da hantsi a tsakar gida, ta ce a miƙo mata faifai, sai kawai ta zame. Likita a Zariya ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu. Baki ya dawo, hankali ras, faɗa ma ya dawo, amma hannu da ƙafa shiru. Da aka sallame mu na rufe gidana na Ikara na tare a nan.

Matar da ta haura tamanin tana zuwa gonar rake da ƙafarta, ta dawo ta ce matasa ba su iya huɗa ba, yau ga ta a kan katifa sai an ɗaga sai an kwantar. Daga bakin ƙofa nake kallonta. Ikon Allah ya wuce tunani.

Farida, matar ƙanena Jumare, ita ke yi mata wanka da sauya zani. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Amma cikinta ya tsufa, ƙafa ta kumbura, iyayenta sun ce ta koma gida Nasarawan Doya ta haihu ta yi wanka a gaban uwarta. Ba wanda zai hana. Jiya kuma ta ce mini ta ga wuri a ƙasan bayan Iya, da farko ja ya yi, yanzu ya saluɓe yana ruwa, faɗinsa kamar murfin kwalba. Jumare ya ce a shafa man shanu, wata maƙwabciya ta ce toka. Na ce kowa ya dakata sai na ji daga gare ki.

Ni dai girki da wanki da shara duk ina yi. Amma jikinta ban taɓa ba, kuma ban san ta yadda zan taɓa ba. Kin dai san ni da ita. In Farida ta tafi ban san yadda za a yi ba.

Ki gaida kowa. Ki ba Inuwa amsa kafin ya juyo.

Goggonki,
Fatsuma

Legas, 11 ga Yuni

Zuwa ga Goggo Fatsuma,

Wa alaikumus salam. Goggo ina wuni, ya gida, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu duk lafiya, yara suna gaishe ki. Kuka da daddawa sun iso, na gode. Ki ce wa ƙawata Iya na ji labarin ragwancin da ta tsiro da shi, in na zo na tarar da ita kwance ni zan cinye rakenta.

Goggo, wurin nan da Farida ta gani ba ƙaramin abu ba ne. Gyambo ne da doguwar kwanciya ke haifarwa. Inda ƙashi ya danne fata a kan katifa jini ba ya zuwa, sai wurin ya mutu. Yana cin ciki fiye da yadda ake gani a waje, in aka bar shi yana kaiwa ga ƙashi, ya shiga jini. A sashenmu na ga tsofaffin da suka tsallake shanyewar jiki amma wannan ya tafi da su. Don Allah kada a sa toka, kada a sa man shanu, kada a gasa da ruwan zafi. A nemo ma'aikaciyar asibitin garin ta riƙa wankewa tana rufewa.

Amma wanki kaɗai ba zai warkar ba. Maganinsa juyi ne. Kowane awa biyu a juya ta, dama, hagu, kada ta kwanta a kan ciwon. A sa matashi tsakanin gwiwoyinta. Shimfiɗa ta zauna a bushe, ba lanƙwasa, ba ɓurɓushin abinci. In za ta ci a zaunar da ita sosai, kunu ya yi kauri don kada ta ƙware. A ba ta ƙwai da wake da kifi, a rage gishiri da magi. Hannun da ya mutu kada a ja ta da shi, kafaɗa tana iya gocewa. A riƙa miƙe shi ana lanƙwasawa a hankali, haka ƙafar.

Sai magana ta ƙarshe, ki yi haƙuri da ni. Na karanta inda kika ce ba ki taɓa jikinta ba har sau uku, ban yi barcin kirki ba. Goggo, ni kullum jikin iyayen wasu nake wankewa, mutanen da ban san garinsu ba, wasu ko yarensu ba na ji. Na san akwai wari, na san akwai abin da ido ba ya so. Amma uwa ce. A ce mai ciki wata tara ita ke ɗaga ta, 'yar da ta haifa tana tsaye bakin ƙofa? Ƙyama tana wucewa in an fara, wallahi rana biyu ce. Ki daure ki sa hannu, kada a zo ana da-na-sani.

Taki,
Firdausi

Legas, 29 ga Yuni

Zuwa ga Goggo Fatsuma,

Assalamu alaikum Goggo. Ya jikin Iya? Inuwa ya zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce kin karɓi takardata kin karanta a tsaye a zaure, kin ninke, kin ce ya gaida mutanen Legas. Na kira wayarki kin ɗauka kin ce lafiya lau kin kashe. Baba Jumare kuma komai aka tambaye shi sai ya ce da sauƙi.

Na ji Farida ta tafi, ta sauka lafiya, barka. To wa ke juya Iya? Hankalina ba a kwance yake ba. In laifi na yi ki zage ni a takarda, na yarda, amma kada ki yi mini shiru. Hutu ba zai samu ba sai bayan damina, ma'aikata sun yi mana kaɗan.

Taki,
Firdausi

Likoro, 7 ga Yuli

Zuwa ga Firdausi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Farida ta samu ɗa namiji, an yi suna. Jikin Iya ba daɗi.

Ƙyama kika ce. Ni Fatsuma, da na yi jinyar mijina har ya cika a kan cinyata, na wanke 'ya'yan mutane a aji ɗaya shekara da shekaru, yau ni ce sa'ar 'yar cikina take koya wa abin da ake kira uwa. Na ajiye takardarki a ƙasan akwati don kada in amsa da zafi. Ga shi har yanzu da sauran zafin, sai ki yi haƙuri.

Da na huce sai na ga ba laifinki ba ne. A bariki kika tashi, kuma ke jika ce, Iya tana ganinki sai wasa da tsokana. Ba ki taɓa lura da yadda take da ni ba. Ni 'yar farinta ce. A zamaninsu mace ba ta kallon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ci a gabansa, ba ta nuna ta san da shi. Ana yaye ni aka kai ni Kudan wurin kakata, can na girma, daga can aka kai ni ɗakin miji. Shekarata sittin da ɗoriya, ban taɓa jin Fatsuma a bakinta ba. "Ta Ikara" take ce mini, shi ma ba da ni take ba, da bango take. In tana son ruwa sai ta dubi bango ta ce, "A ce randar gidan nan ta bushe ne?" Sai in kawo in ajiye in fita, sannan ta sha. Wasu matan sun saki wannan kunyar tuntuni. Ita ta riƙe kamar salla. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyyarta ce, kuma da ita take taƙama.

Duk da haka na bi maganarki. Ranar da Farida ta tafi na ɗebi ruwa a roba na shiga, na durƙusa, na kai hannu kan zaninta. Firdausi, da hannu ɗaya matar nan ta damƙe zanin, na rantse ko Jumare ba zai ɓamɓare ba. Ta juya fuska bango, ta ce, "A bar mutum ya mutu da mutuncinsa." Yini biyu ko kunu ta ƙi. Sai da na fita daga sashen gaba ɗaya ta karɓi abinci a hannun Jumare.

To ga inda muke. Jumare namiji ne, yana iya ɗaga ta ya zaunar safe da yamma, amma ba zai buɗe jikin uwarsa ba, ga gona ta riƙe shi. Matan maƙwabta suna leƙowa su goge ta in sun samu sarari, kowa da nata aikin. Sista Angelina ta asibitin sha-ka-tafi tana zuwa wanke ciwon ran Litinin da Alhamis, mace mai kirki, Iya ma ta sake da ita. Amma ta ja ni gefe ta ce gyambon ya kai tafin hannun yaro, ya fara zurfi. Ta ce aikinta banza ne in ba a juyi, kuma in wata ya ƙare a haka sai dai a koma Zariya, can ma ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Ina zaune a ƙofar ɗaki da hannuna biyu lafiyayyu, uwata tana ruɓewa a ciki, kuma in na shiga, da yunwa za ta kashe kanta. Tsoro nake ji, 'yata. In akwai wannan a littafinku ki gaya mini.

Goggonki,
Fatsuma

Legas, 12 ga Yuli

Zuwa ga Goggo Fatsuma,

Assalamu alaikum. Goggo na durƙusa, ki yafe mini. Rashin sani ya fi dare duhu. Na karanta takardarki a ɗakin sauya kaya na yi kuka har abokiyar aikina ta zaci rasuwa aka yi. Yanzu nake tuno duk zuwan da muka yi Likoro da Salla, ban taɓa ganin ku a tabarma ɗaya ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Babu wannan a littafi, amma akwai abin da muke yi wa masu nauyi da masu jin kunya, ina ganin zai yi. Ba da hannu muke juya su ba, da zani ne. Ki sami zani mai ƙarfi ki ninka biyu. Baba Jumare ya ɗaga ta sau ɗaya, a shimfiɗa shi a kwance a ƙarƙashinta, daga kafaɗa zuwa cinya, bakinsa ya fito dama da hagu. A janye katifar daga jikin bango yadda mutum zai iya zagayawa. In lokacin juyi ya yi, ki kama bakin zanin na can ɓangaren ki jawo a hankali, jikinta zai biyo gaba ɗaya. Ki cusa matashi ya tokare ta. Fatarki ba za ta taɓa tata ba. Ki roƙi Sista Angelina ta gwada miki sau ɗaya a gabanta, don ki ga yadda ake tare hannun da ya mutu.

Kada ki zo mata ta gaba. Ki kawar da kanki, kada ki yi mata sannu, kada ki ce komai. Tunda da bango take magana, ke ma ki gaya wa bango abin da za a yi kafin a yi, kada a zo mata ba zato.

Wanka kuma ki raba shi. Hannunta na dama yana aiki, ki jiƙa tsumma ki ajiye kusa da shi ki juya baya, ta goge fuskarta da gabanta da kanta. Baya kaɗai ne naki, shi ma a ƙarƙashin mayafi. Dama ko ba kunya haka ya kamata. Tsoho in aka karɓe masa komai saboda tausayi, jikin sai ya manta aikinsa. Ki ajiye mata gyaɗa ta ɓare, ko wake ta tsince, ko da rabi zai zube. Kuma in da hali ta ga rana, ta ga mutane. Zaman ɗaki shi kansa ciwo ne.

Ban sani ba ko za ta yarda. Ki gwada, Allah ya dafa miki.

Taki,
Firdausi

Likoro, 20 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Firdausi,

Assalamu alaikum. Na yafe, dama tsakanina da ke ba riƙo. Kada ki ce na sake yin fushi, motar Inuwa ce ta kwanta a gareji, ga marka ta hana kowa sakat. Muna lafiya, masara ta yi goyo, Iya da sauƙi na gaske, ba irin na Jumare ba.

Ranar farko na tsaya na dubi bango kamar mahaukaciya na ce, "Za a ja zani." Na ja, ta juyo kamar an juya tabarma, ba nauyi ko kaɗan. Na tokare na fita. Da azahar na kawo kunu na ajiye ina jiran a ƙi. Na dawo na tarar da kofi wayam. Na je bayan rumbu na yi sujada a cikin taɓo.

Tun daga nan muke aiki mu uku, ni da ita da bango. Har ta fara gyara mini: "A ce mai jan zanin nan shanu yake ja?" Gyaɗar da kika ce, da farko ta ture ta ce ita ba baiwar kowa ba ce. Na bar faifan a wurin. Yanzu in ban kawo ba sai ta tambayi bango ko gyaɗa ta ƙare a duniya. Sista Angelina ta ce gyambon ya daina ruwa, jan nama yana tasowa daga ƙasa. Ta sa na leƙa. Ban san haka jikin ɗan Adam yake ɗinke kansa ba, a shekara tamanin da wani abu. Na tsaya ina ta tasbihi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ran Talata ruwa ya ɗauke, hantsi ya fito mai kyau, Jumare yana gona. Ina tokare ta sai ta ce, "A ce har yanzu rana na fitowa a tsakar gidan nan?" Na rasa yadda zan yi. In na ɗauke ta a hannu fuskarta za ta zo daidai tawa, aikin wata guda ya rushe. Sai na zaunar da ita da zanin a bakin katifa, na juya mata baya na durƙusa, na ce wa bango, "Ga baya nan in ana so."

Na daɗe a durƙushe har gwiwata ta fara zafi. Sai na ji hannu a kafaɗata.

Na jawo zanin na ɗaure a ƙirji, na sa hannun da ya mutu a ciki yadda ba zai reto ba, na miƙe. Firdausi, buhun gero rabi ya fi ta nauyi. Wannan ce ta haifi tara, ta binne huɗu, ta noma abin da ya ciyar da gidan nan. Ina jin bugun zuciyarta a tsakiyar bayana. Tun da aka yaye ni jikina bai haɗu da nata ba sai ranar.

Na zaga da ita tsakar gida. Ta ga awakinta ta ce an bar su sun rame. Ta ga kabewar da ta shuka ta hau danga. Muna tsaye a rana sai na ji yatsunta suna lalube a bayan kunnena, inda nake da wani tsohon tabo da ɗankwali ke rufewa. Ko mijina sai da muka shekara ya gan shi. Ta tsaya a kansa daidai, ta ce wa iska, "Nan ne aka faɗo daga gwabar gidan Kudan. Da labari ya zo ana cikin daka. Ba a tambaya ba, ba a je ba, surukai na kallo. Amma tuwo bai shiga ciki ba sai da mai kai saƙo ya dawo ya ce an tashi ana wasa."

Ni ban san ta ma ji labarin faɗuwar ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata gefen da tabon yake a gabana, kuma ba ta taɓa kallona ba balle ta gani. Ashe tana kallo. Ban san ta ina ba, ban san yaushe ba. Na yi ta hawaye, kuma na gode Allah da take bayana ba ta gani, don da ta ce a sauke ta.

Yanzu kullum da hantsi sai mun fita. Ki gaya mini ko akwai illa.

Goggonki,
Fatsuma

Legas, 27 ga Agusta

Zuwa ga Goggo Fatsuma,

Assalamu alaikum. Goggo ya gida, ya ƙawata? Shekarata goma sha ina jinya, ban taɓa jin irin wannan ba. Na rasa abin da zan rubuta, sai Allahu Akbar.

Illa ga ita babu, muddin ɗaurin bai danne ciwon ba. Illar a kanki take. Ke ma kin haura sittin, bayanki ba na yarinya ba ne, in kika kwanta wa zai ja zani? Kuma duk ranar da Sista Angelina ta zo ta auna ku ku biyu, hawan jini yana bin dangi.

Goyo ya yi aikinsa, amma kada ya zama ƙarshe. Tunda ta yarda da bayanki, ki mayar da shi abin dafawa. Ta zauna bakin katifa ƙafa a ƙasa, ki tsaya a gabanta kin ba ta baya, ta kama kafaɗarki ta miƙe, Baba Jumare yana gefen da ya mutu don tsaro. Tsayuwa kawai tukuna, taku sai daga baya. Akwai wata sanda mai ƙafa huɗu da muke ba masu irin ciwonta. Zan nemo in ba Inuwa, in ta saba da ita sai ta riƙa yawonta ita kaɗai, ke ki huta ki koma gidanki.

Taki,
Firdausi

Likoro, 18 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Firdausi,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya ke da iyali. An fara girbi, gidan ya cika da masara, Farida ta dawo da ɗanta ƙato. An auna ni, an ce nawa jinin ma ya ɗan hau, an ba ni ƙwaya, an raba ni da gishiri. Kin ji daɗi.

Gyambo ya rufe. Sista Angelina ta cire bandeji na ƙarshe ta ce ba ta da sauran aiki a gidan nan sai cin tuwo.

Tsayuwar ta ba mu wuya. An yi ta zamewa, an yi ta zagin bango. Amma sannu ba ta hana zuwa. Ran nan na ji nauyinta ya ragu a kafaɗata, na duba ƙasa, sai ga ƙafar hagun nan da likita bai ce komai a kanta ba tana jan ƙasa tana biyo ni. Jumare ya saki baki, ƙaton mutum da furfura ya fita waje yana share ido. Yanzu daga ɗaki har zaure muke zuwa, ina gaba tana baya, in na yi sauri ta matse mini kafaɗa.

Farida da ta dawo ta ɗauko roba za ta karɓi aikinta. Iya ta ce mata ta je ta ji da ɗanta, nan akwai mai yi.

Ran Juma'a tsofaffin unguwa suka zo dubiya, suka tarar da mu a tsakiyar gida muna tafiyarmu. Wata ƙawarta tun ta 'yanmatanci ta riƙe haɓa ta ce, "Halima, ke ce kuwa? 'Yar fari ce fa kika rungume a gaban jama'a. Ina kunyar?" Na ce shi ke nan, yau za ta sake ni ta koma katifa. Na ji hannunta ya yi sanyi a kafaɗata, sannan ya ƙara damƙewa. Ta ce, "Kunya tana nan inda take. Wannan ƙafata ce. Wa kika taɓa ji yana kunyar ƙafarsa?" Aka yi ta dariya. Ita kuwa ta dubi danga ta ce, "A ci gaba da tafiya, an tsayar da mutum a rana."

Muka ci gaba.

Maganar sandarki mai ƙafa huɗu, na san gaskiyarki ce, ya kamata ta yi yawonta ba sai da kowa ba, kuma ba zan hana ta ba. Ki nemo mai kyau, ki ba Inuwa. Sai dai gidana na Ikara ba inda za shi, kuma kafaɗata ba ta gaji ba. Ki aiko, 'yata, amma kada ki yi sauri.

Goggonki,
Fatsuma